Ranar da Ƙauyenmu Ya Nemi Aurena da Waƙata

Waɗanda kuka saba bin labarina, ku yi haƙuri da shirun da na yi kwanan nan, hidimar biki ce ta sha kaina. Sabbin zuwa kuma ku matso kusa, ba zan bar ku a duhu ba. Sunana Agnete, 'yar masu kiwon shanun madara ce ni daga Skovlum, wani ɗan ƙauye a yammacin Jutland inda iska ba ta san ranar hutu ba. Waƙa nake rubutawa, ni nake rera abina. Wani ƙaramin kamfanin waƙa a Copenhagen ya sa mini ranar Litinin in je a ɗauki waƙata ta farko, wadda za ta fita da sunana. Shekara da shekaru ina jiran wannan rana, sai ga shi ana gab da ita mutanen da suka fi kowa ƙaunata sun so raba ni da waƙar, kuma da zuciya ɗaya suka yi.

Ina 'yar shekara goma sha biyu na fara wannan sana'a, ban ma san sana'a ce ba. A wurinmu abincin biki ba ya wucewa sai an yi wa mai bikin waƙa. A ɗauki karin wata tsohuwar waƙa da kowa ya haddace, a ɗora mata sabbin baitoci a kan halinsa da abin kunyar da ya taɓa tafkawa, a buga a takarda a raba wa kowane tebur, a rera baki ɗaya. Mutanen Skovlum kuwa sun fi iya tatsar saniya a kan haɗa baiti, sai suka gano 'yar gidan Kjeld, wato ni, tana da kai. Tsofaffi su zo ɗakin girkinmu su baje, su zayyana mini tarihin surukinsu, ni kuma in mayar da shi waƙa kafin gahawarsu ta huce. Ladana kek ne, wani lokaci kwandon ƙwai. A nan na koyi wace kalma ce ke sa ƙaton manomi ya sunkuyar da kai yana laluben hankici.

Da na gama sakandare na tafi birnin Aarhus. Da rana in wanke kofuna a shagon gahawa, da yamma in saɓa gitata in je duk inda za a bar ni in rera, ko da 'yan tsiraru ne da karen mai shago. Na rera ana hira a kaina, na rera an kashe mini makirfo don za a kalli ƙwallo. A irin wannan wuri Solvej ta tsince ni. Mace ce mai gajeren farin gashi wadda ba ta iya murmushin banza ba, ita ke nemo wa kamfanin sabbin muryoyi. Ta saurari waƙoƙina kaf ta zaɓi ɗaya, wadda na rubuta a kan barin gida. Sharaɗinta guda ne, ta yi ta nanata shi har na ƙosa: kada kunnen kowa ya ji waƙar nan kafin ranar fitarta.

Kunne ɗaya dai ya riga ya ji ta, na Asger. Gonarsu ce a jikin tamu, shinge kawai ya raba, kuma mota ɗaya ta yi ta kai mu makaranta tun muna da majina a hanci. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, magana kuwa sai an roƙe shi. Tun da gwiwar Baba ta fara ba shi wahala, Asger ke tsallako shinge da sassafe ya duba injin tatsa, ba wanda ya aike shi. Ina son sa, kada wani ya zo mini ƙarƙashin rubutun nan da wata fassara. Lokacin da sanyi ya fara ja da baya, muna zaune a motarsa a bakin teku muna cin soyayyen kifi a takarda, na rera masa waƙar. Da na gama ya ce karin ya shiga ransa, in tura masa a waya. Na tura. Da Solvej ta kafa sharaɗinta na gaya masa kada ya kunna wa kowa, ya ce ba zai kunna ba.

Mama ba ta taɓa buɗe baki ta ce in yi aure ba, ta fi ƙarfin haka. Ita dai ta sa an yi wa sashen marigayiya Kaka fenti, ta rataya labule ruwan ƙwai, ta sayo gado mai faɗi, in na tambaya ta ce ba ta son ganin ɗaki a rufe ne kawai. In mun zauna cin abinci sai ta kalli gwiwar Baba ta sauke ajiyar zuciya, ta ce ni kaɗai Allah ya ba su, gonar da kakanni suka bari kuma ko wa zai riƙe ta, oho. Gwaggo Ketty, ƙanwar Baba, ba ta da wannan kawaicin. A watan Nuwamba zan cika ashirin da biyar, kuma a al'adarmu duk wanda ya kai haka ba aure, ɗaure shi ake yi a turken fitilar titi a bulbule shi da garin kirfa har cikin kunne. Tun bara take turo mini hoton buhun da ta ce ta tanada.

"Ko zobe ko kirfa, 'yata, zaɓi ya rage naki," ta rubuto mini a makon bikin, da fuskokin dariya jere.

Na mayar mata, "Ki ƙaro buhu, Gwaggo, ina son ƙamshinta."

Bikin na cikar auren Mama da Baba shekara ashirin da biyar ne. In kun haɗa da shekaruna za ku ga ni ma na halarci ɗaurin auren a ɓoye. Kowa a Skovlum ya iya lissafi, ba dai wanda ya taɓa faɗa. Ranar Asabar da sassafe maƙwabta suka taru a ƙarƙashin tagar su Mama da ƙahonin busa, bayan sun yi wa ƙofar gida ado da ɗanyun rassa da furanni, suka tashe su da waƙa. Mama ta leƙo da rigar barci tana dafe ƙirji wai ba ta san da zuwansu ba, alhali tun jiya ta gasa burodin da za ta ba su.

Tun a nan ya kamata in farga. Ƙawayen Mama na ƙungiyar mawaƙan coci, duk wadda muka haɗa ido sai ta matse mini hannu ta yi wani irin murmushi. Mahaifiyar Asger ta rungume ni ta ƙi saki, har ƙamshin man gashinta ya kama mini riga. Na sha jinin jikina, amma na ce wa raina don zan tafi ne suke wannan ɗoki.

Da rana na shiga ɗakina na tarar Mama ta shimfiɗa mini sabuwar doguwar riga koriya a kan gado, mai hannu zuwa gwiwar hannu, da 'yan kunnen Kaka na lu'ulu'u a gefe. Na sa rigar don ranarta ce, na tufke gashina yadda take so, amma na zura baƙaƙen dogayen takalmana da nake hawa dandamali da su. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin rigarta ruwan toka mai walƙiya, ta dubi ƙafata.

"Da waɗannan za ki?"

"Su suka san ƙafata, Mama."

"Yau dai da kin daure. Za a ɗauki hotuna da yawa."

Na ce ai ba ni ce amarya ba. Ta juya tana kiran Baba ya zo ta ɗaura masa nektai. Muna shirin fita saƙon Solvej ya shigo, tana tuna mini in adana muryata, kada in yi ihu a biki. Na amsa mata cewa 'yan yankinmu ko gobara ake yi ba ma ihu.

Zauren taron ƙauye ya sha fararen ƙyallen tebur da kyandirori da 'yan tutoci. An ci miya, an kawo gasasshen naman maraƙi da dankali da romo mai kauri. Gwaggo Ketty ce mai gabatarwa, cokali a hannu, tana buga kofin gilashi duk lokacin da ta ga mutane sun fara jin daɗin hirarsu. Ni ina kaiwa da komowa tsakanin kujerata da fiyano, don ni ke kaɗa wa kowace waƙa. Wadda na haɗa wa su Mama ta zo bayan nama. Na ba da labarin yadda Baba ya yi ta zuwa gidan su Mama aron tirelar da yake da irinta a gida, har kakana ya ce masa ko ya ɗauki tirelar gaba ɗaya ko ya ɗauki yarinyar. Zaure ya kwashe da dariya, Mama ta yi hawaye. Da na zo wucewa ta bayansa Baba ya kamo hannuna ya ce, "Bai yi muni ba." Wanda ya san mutanenmu ya san babu yabon da ya wuce wannan.

Asger yana kusa da kujerata cikin sabuwar farar riga da wuyanta ya shaƙe shi. Mutumin da ke cin abincin mutum biyu, yau farantinsa ko taɓawa bai yi ba. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce zafi ne.

Kafin a kawo kayan zaƙi Gwaggo ta sake buga gilashi, ta ce akwai waƙa daga maƙwabta. Asger ya miƙe ya jawo wata tsohuwar garwar madara da ya goge har tana ɗaukar ido, an cika ta da takardun waƙa a nannaɗe, kowace da jan zare. Aka bi tebur-tebur ana rabawa. Na tashi zan nufi fiyano, Gwaggo ta ɗaga mini cokali.

"Zauna, 'yata. Wannan ba ta bukatar ki."

Ban kai ga kwance zaren tawa ba ƙawayen Mama suka fara gunjin karin a hanci don su ɗora sauran mutane a hanya. Nan take na gane shi. Na san wannan hawan, na san inda yake sauka, na san ɗan tsayawar da ke tsakiya, don ni na kwana da shi na tashi da shi a ɗan ɗakina na Aarhus har maƙwabcina ya yi ta buga mini bango. Waƙata ce. Waƙar da aka ce kada kunnen kowa ya ji, ga ta a bakin duk mutanen Skovlum, da murya huɗu-huɗu irin ta coci, alamar an daɗe ana gwaji. Na ɗaga kai na ga wayoyi a sama ta kowane lungu suna ɗauka.

Baitocin farko na su Mama ne, a kan haƙuri da tashin asuba da shanu. Ban ji rabinsu ba, kunnena ƙara yake yi. Sai na lura mutane sun fara satar kallona ta saman takarda, muryoyi suna ƙara ƙarfi, har tsofaffin da ba su taɓa kama kari daidai ba sun buɗe maƙogwaro. Suka shiga baitin ƙarshe:

Agnete, iska ta isa haka,
ga ƙofa a buɗe, ga wuta a murhu.
Ajiye jakarki, zauna da ni,
kowa na jira, ki ce kin yarda.

Suna sauke kalmar ƙarshe Asger ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya a gefen kujerata, da ɗan akwatin zobe da ya ɓace a cikin ƙaton tafinsa. Mama ta toshe baki da hankici, Gwaggo ta riga ta ɗaga gilashi, mahaifiyar Asger tana kuka a fili. Baba kaɗai ke kallon farantinsa.

Masu karatu, zan gaya muku gaskiyar abin da na ji. Tausayinsa ya kama ni har cikin ƙashi, don na san abin da ya ci wa Asger ya tsaya gaban jama'a. Amma baƙin cikina ya fi tausayin. Na rubuta waƙar tafiya, sun mayar da ita waƙar zama, sun sa duk wanda ya taɓa goya ni ya rera mini ita a fuska. In na ce eh a wannan lokaci, na san ba Asger kaɗai na amsa wa ba, na yarda ke nan waƙar tasu ce, ni kuma in koma teburin girki ina haɗa wa mutane baiti har tsufana. Sai na miƙe.

Na ratsa tsakanin teburori, takalmana suna ƙara a kan katako, na zauna a fiyano. Na ce musu sun rera karin waƙata da kyau, har sun fi ni, amma ba su ji kalmominta ba, kuma tun da ta riga ta fita gara su ji ta yadda take. Muryata ta ɗan karye a layin farko, na yi ta maza na kamo ta.

Na kashe fitilar ɗakina da hannuna,
na ɗauki jakata, ban yi fushi da kowa ba.
Kada ku tsaya a hanya kuna kirana,
ku dai bar mini ta baranda a kunne.

Na rera ta har ƙarshe. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya motsa, sai wata kujera da ta yi ƙara a baya. Asger yana nan a durƙushe inda na bar shi, kamar ya manta yadda ake tashi. Na koma na kama hannunsa biyu na ce masa a hankali, "Tashi, Asger. Ba zan iya ba." Ya tashi, ya sa akwatin a aljihu, ya fita ta ƙofar gefe ba tare da ya dubi kowa ba. Gwaggo ta buga gilashi ta sanar da cewa za a kawo askirim, da wata murya da ban san ta da ita ba.

Mama ta ja ni ɗakin girkin zauren, ta sallami masu aiki da ido. Ta fara da cewa na kunyata ɗan mutane a gaban uwarsa, na ɓata mata ranar da ta yi shekara tana shiryawa, ta gangaro kan gwiwar Baba da gonar kakanni. Na bar ta ta sauke, sannan na tambaye ta ko ta san waƙar tawa ce.

"Na sani mana. Asger zai iya ƙago kari irin wannan? Ya zo ya yi mini gunjinsa a nan gida, ni na koya wa mata."

"Kin san an hana ni fitar da ita?"

"Wa ya fitar? A cikinmu ne kawai. Kari ai na kowa ne, Agnete. Ke da kanki karin mutane nawa kika ɗauka kika ɗora wa baiti a kan teburina?"

A iya saninta gaskiya ta faɗa. Haka ta tashi ta gani, haka ni ma na tashi. A Skovlum ba a taɓa tambayar wa ya ƙago kari ba, ana ɗauka ne kamar yadda ake ɗiban ruwa a famfo. Na ce mata waɗancan masu su sun mutu tun zamanin kakanni, wannan waƙar kuwa mai ita tana tsaye a gabanta, kuma ita kaɗai gare ta. Ta dube ni, idonta ya cika, ta ce ita ma ni kaɗai gare ta. Ta gyara gashinta a jikin murfin tukunya ta koma wurin baƙinta.

Na sami Asger a waje, zaune a bayan motarsa, rana ba ta ma faɗi ba. Ya ɓalle maɓallin wuyan rigar. Na zauna kusa da shi muna kallon gonar sha'ir tana kwanciya tana tashi. Shi ya fara magana, abin da ba ya yi. Ya ce makonni ya yi yana haɗa baitocin a kan tarakta, yana ƙirga gaɓoɓi da yatsu kamar yadda ya ga ina yi. Ya ce ni na taɓa gaya masa babu kyautar da ta kai a ɗauki karin da mutum ya fi so a ɗora masa kalmomi, kuma bai san karin da na fi so kamar wannan ba. Bai kunna wa kowa abin da na tura masa ba, ya ce, da bakinsa ya koyar.

"Amma ka saurari kalmomin kuwa, ranar da na rera maka?"

"Na saurara."

"To?"

"Shi ya sa na canza su."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na so in riƙe hannunsa, na san in na riƙe ba zan saki ba, sai na tashi na koma ciki. Ni na kaɗa wa su Mama rawar ma'aurata, mutane suka kewaye su suna tafi suna matsowa kamar yadda aka saba. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa ya nuna babu abin da ya faru, kuma a wannan fanni ba a fin mutanenmu.

Lahadi da safe na farka na tarar wayata ta cika. Wata 'yar ƙanwar Mama ta ɗora bidiyon tun jiya, daga shigowar garwar madara har fitar Asger, kuma ya zaga inda ban taɓa zato ba. Baƙi daga garuruwan da ban taɓa takawa ba suna ta faɗa a kaina, wasu na ce mini jaruma, wasu na ce mini marar zuciya. Na tsallake su na buɗe na Solvej. Na farko gajere ne: "Me na ce miki?" Na biyu ya zo bayansa da tazara, kuma shi ya fi tayar mini da hankali.

"Mai kamfani ya gani. Ya ce mutane baitin saurayin suke rerawa, ba naki ba. Yana so gobe a ɗauke ta da kalmominsa, ta zama waƙar soyayya. Ki yi tunani, dama ce babba."

Na zauna a bakin gado da rigar barci, koriyar rigar jiya tana rataye a jikin ƙofa. Wato abin da na ƙi a gaban ƙauye, shi za a miƙo mini a Copenhagen da sunan dama. In tsaya gaban makirfo in roƙi kaina in ajiye jaka, in yi ta rera haka a kowane dandamali har a san ni da shi. Na rubuta mata, "Kalmomina, ko babu." Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa. Daga ƙarshe ta ce in zo dai a yi magana, amma in sani mai kamfani ba ya son a ce masa a'a, kuma yana iya fasa komai.

Mama ba ta sauko ba. Na tarar da burodi da cuku a nannaɗe a kan teburin girki, da kwalbar gahawa, ba ko kalma. Baba ne ya kai ni tashar jirgin ƙasa ta Holstebro bayan ya gama tatsa, da kayan aikinsa a jiki. Mun yi nisa rediyo na ta faɗin yanayin iska. Na daure na ce masa ya yafe mini maganar gona. Ya canza giya, ya ɗan yi tari.

"Shanun nan ba su taɓa tambayata wa zai gaje su ba. Mamarki ce ke tambaya."

"Baba, gwiwarka fa?"

"Gwiwata tawa ce. Ke je ki yi abin da ya kai ki."

A tasha ya sauke mini jaka da gita, ya dafa kafaɗata sau ɗaya, ya koma mota don kada in ga fuskarsa. Na shiga jirgi ina share ido da bayan hannu, ina duba lambar kujerata. Da na iso, akwai mutum a kujerar da ke fuskantar tawa, gwiwoyinsa sun tokare tebur. Farar rigar jiya ce a jikinsa, duk ta yamutse, idanunsa jajur.

Asger ya ce Solvej ta nemo lambarsa ta kira shi tun yana cikin shanu. Mutanen kamfanin sun ce ya zo, in ya sa hannu sun sami izinin baitocinsa, gobe a ba ni su in rera. In ya ƙi, ba su san abin da mai kamfani zai yi da ni ba. Ya faɗi haka yana kallon hannayensa, ya ce bai yanke komai ba tukuna.

Na ɗora gitata a sama, na zauna, na dube shi sosai.

"Asger, ko ka sa hannu ko ka ƙi, ni zan tsaya gaban makirfo gobe, kuma nawa zan rera. In sun kore ni, in koma wanke kofuna in sake farawa."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ya sani, tun jiya ya sani. Aka busa usur a waje, ƙofofi suka rufe. Ya juya yana kallon taga, na zaci ya gama magana ke nan har Copenhagen, sai ya ce ba tare da ya waiwayo ba:

"Abu ɗaya nake so ki gaya mini kafin mu isa. Fitilar barandar da kika ce a bar miki a kunne, ta gidan wa kike nufi?"

Jirgin ya ja. Mun wuce gonakin ƙarshe na yankinmu, yana zaune a gabana yanzu haka da nake rubuta muku, kuma har yanzu ban ba shi amsa ba.